Babi na Shida: Dabbar da Ba Ta Gudu

Titin Wendover ya ratsa birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa daga gabas zuwa yamma, kuma babu wani abu a gefensa da zai tuna wa mutum teku. Manyan kantuna ne, da wuraren sayar da motoci, da gidajen abinci, da cunkoso idan an tashi daga aiki. 'Yan Nijar da suka daɗe da yin sansani a birnin sun san shi kamar yadda Bakano ya san titin Zariya. Daga nan zuwa bakin Tekun Atlantika sai an kwashe kusan sa'o'i uku a mota. Daf da titin akwai babban asibitin Moses Cone, kuma a ɗakin magani na kowane asibitin da ke jinyar masu kansar jini, a Amurka yake ko a Kano ko a Shika, ana buƙatar wata 'yar kwalba mai suna cytarabine. Asalin abin da ke cikinta daga ƙarƙashin teku ya faro, daga jikin wata halitta da mu Hausawa ba mu da sunanta sai na aro, wato soson teku.

Sunan na iya ruɗa mutum. Soson da muka sani tsiro ne, yana yaɗo a kan danga, a bar shi ya bushe, a ɓare a yi wanka ko a wanke kwanuka. Soson teku kuwa dabba ne, ko da yake ba shi da kai, ba baki, ba ciki, ba zuciya. Jikinsa ramuka ne da 'yan hanyoyi, yana zuƙo ruwa ta ƙananan ƙofofi ya tace abincinsa ya fitar da ruwan ta babbar ƙofa, kuma a wuni guda yana iya tace ruwan da ya ninka girmansa sau dubbai. An rubuta sunayen ire-irensa sama da 9,000. Da zarar jaririnsa ya sami dutsen da zai manne, ya zauna ke nan har mutuwa. Wannan zaman wuri guda shi ne tushen duk abin da za mu tattauna a wannan babi.

Kafin mu shiga ruwa, sai mun fahimci abin da ake nufi da enzayim, kuma ba sai mun je ɗakin bincike ba. Matar da ke dama kunun zaƙi ta san idan ta zuba markaɗaɗɗen ɗanyen dankali ko tsiron hatsi a cikin kunun da ya yi kauri, ta rufe ta bar shi ya kwana, da safe za ta tarar ya saki ya yi zaƙi. Mahauci ya san ganyen gwanda na tausasa nama mai tauri. Bafulatana ta san ruwan tumfafiya na daskarar da madara ta zama cuku. A duk waɗannan, wani furotin ne ke kama wani abu ya yanka ko ya haɗa, ya saki ya kama na gaba, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda, shi kuma ba ya ƙarewa. Shi ne enzayim. Jikin mutum na da dubbansu, kowanne da sana'arsa guda: wannan na narkar da tuwo, wancan na kwafar DNA idan ƙwayar jiki za ta rabu biyu, wani na share saƙon da jijiya ta aika wa tsoka don kada tsokar ta ci gaba da murɗewa. Kowanne yana da wani ɗan lungu a jikinsa inda aikin ke gudana, kuma duk abin da ya shiga lungun ya ƙi fita, ya tsayar da aikin, kamar tsakuwar da ta faɗa bakin injin niƙa.

Wannan tsakuwar ita ce guba, ita ce kuma magani. Fiya-fiyar da ake fesa wa sauro tana kashe shi ne ta hanyar toshe enzayim ɗin da ke share saƙon jijiya, shi ya sa mutumin da ya sha ta yake dalalar da miyau yana karkarwa har numfashi ya gagara. Wannan enzayim ɗin ne kuma waken Kalaba ke toshewa, ɗan itacen da a da ake bai wa wanda ake zargi da maita a ƙasar Efik don a gane gaskiyarsa. A 1864 wasu Jamusawa biyu, Jobst da Hesse, suka tace sinadarinsa mai suna physostigmine, aka shiga ɗiga shi a ido don rage hawan jinin ido, sannan a 1926 Otto Loewi da abokin aikinsa suka nuna cewa toshe enzayim ne sirrinsa. Ke nan ɗaya daga cikin magungunan farko da aka gane suna aiki ta wannan hanya daga ƙasar Najeriya ya fito. Asfirin ma haka yake aiki, haka maganin ƙanjamau, haka da yawa daga magungunan hawan jini.

To me ya haɗa soso da wannan sana'a? Idan ka bar Wendover ka hau babbar hanyar I-40 ka nufi gabas, inda hanyar ta ƙare shi ne birnin Wilmington a bakin teku. A jami'ar da ke can, Joseph Pawlik ya shafe shekaru yana bin tambaya guda: dabba mai taushi, a fili, ba ƙafa ba ƙaho, a tsakiyar kifaye masu yunwa, me ya hana a cinye ta? Gwajin da ya yi mai sauƙi ne har yaro zai gane. A jiƙa soso a tace ruwansa, a kwaɓa da abincin da kifi ke so, a yi 'yan dunƙule, a jefa wa wani ƙaramin kifi mai shuɗin kai da ke cike a duwatsun murjani na Karibiyan. Idan ya haɗiye, babu komai. Idan ya tofar, akwai magana. A sakamakon da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 1995, cikin ire-iren soso 71, kashi 69 cikin ɗari kifin ya ƙi su. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sun gwada 'yan allurai masu kama da gilashi da ke cikin jikin soso, waɗanda kowa ke zaton su ne makaminsa, sai aka ga kifin bai damu da su ba. Launi ma bai nuna komai ba: ja ko baƙi, ba a gane mai ɗaci da ido. Makamin a sinadari yake. Wanda ba zai iya gudu ba dole ya zama mai ɗaci, kamar yadda tumfafiya take tsaye a daji awaki na kewaye ta. Kuma soso ba kifi kaɗai yake kora ba. Yana faɗa da bakteriyar da ke cikin ruwan da yake zuƙa, da murjanin da ke neman ƙwace masa wuri, da 'ya'yan wasu halittu da ke son su yi gida a bayansa. Miliyoyin shekaru na wannan gwagwarmaya sun cika jikinsa da tsakuwoyin da aka sassaƙa daidai da bakin injin abokan gaba. Da yake injinan halittu duk kusan ƙira ɗaya ce, wasu daga cikin tsakuwoyin sun dace da namu.

Wanda ya fara cin karo da wannan taska ba ita ya fita nema ba. Werner Bergmann, Bajamushe masanin sinadarai a Jami'ar Yale, kitsen halittun ruwa yake nazari. A 1945 ya tsinci wani soso a ruwa marar zurfi kusa da tsibirin Elliott Key na Fulorida, wanda aka sa wa suna Cryptotethya crypta. Da ya tafasa shi cikin ruwan asiton, sai wani abu ya kwanta a gindin kwalba, fari, ƙyal-ƙyal kamar gishiri, kuma ba kitse ba ne. Shi da Robert Feeney suka bayyana shi a 1950 da 1951, suka kira shi spongothymidine, daga baya aka sami ɗan'uwansa spongouridine. Sinadaran sun yi kama da tubalan da ake gina DNA da su, sai dai an sauya musu sukari. Kowane tubali na DNA na ɗauke da wani ɗan sukari, a na soson kuwa wani daban ne mai suna arabinose. Wannan suna daga ƙaro ya samo asali, ƙaron da ake ɗiba a jikin dakwara a Yobe da Borno da Damagaram, wanda malamai ke sa wa tawada don ta kama allo, domin a cikinsa aka fara gano wannan sukari. Na ƙaro da na soso kamar hannun hagu da na dama suke, ƙira ɗaya amma ba sa shiga safar juna.

A lokacin, masu neman maganin kansa suna ta sauya ɗaya ɓangaren tubalin, suna ganin sukarin ba abin taɓawa ba ne. Soson ya nuna musu ana taɓa shi. A 1959 masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Walwick da Roberts da Dekker, suka haɗa tubali na jabu mai sukarin arabinose, shi ne cytarabine, kuma a 1969 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. Ƙwayar kansa na gaggawar rabuwa, don haka tana haɗiye duk tubalin da ta samu. Enzayim mai kwafar DNA ya ɗauki na jabun ya ɗora a kan gini, sai ya tarar na gaba ya ƙi zama daidai, gini ya tsaya, ƙwayar ta mutu. Tun 1973 ake haɗa shi da wani magani mai suna daunorubicin, kwana bakwai na wannan da kwana uku na wancan, kuma har yau likitocin jini da lambobin nan biyu suke kiran tsarin. Ana kuma sa shi a ruwan laka ga yaran da ke fama da kansar Burkitt, wadda ta fi yawa a yankunanmu masu zazzaɓin cizon sauro. Magani ne mai wahalarwa, domin ba ya bambance ƙwayar kansa da ta hanji ko ta ɓargo, duk mai saurin rabuwa nasa ne. Amma yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata kowace ƙasa ta rasa ba.

A kan hanyar nan ta I-40, tafiyar kamar sa'a guda daga Greensboro, akwai dandalin bincike na Research Triangle Park, inda kamfanin Burroughs Wellcome ya fitar da maganin acyclovir, sannan a 1987 ya fitar da AZT, maganin ƙanjamau na farko. Sau da yawa za ka ji an ce AZT daga soso aka samo shi. Wannan ƙarin gishiri ne. Jerome Horwitz ne ya haɗa shi a Detroit a 1964, ba da soso ba. Abin da soson ya bayar shi ne dabarar, cewa tubali mai gurɓataccen sukari na iya yaudarar enzayim. A ganina wannan kyauta ta fi sinadari guda daraja, kuma ba ta buƙatar a ƙara mata ƙarya.

Yaya ake wannan farauta a yau? Mai nutso ya yanko soso, a ɗauki hotonsa, a ajiye wani yanki don tantance iri, sauran a daskare. A ɗakin bincike a jiƙa shi cikin methanol, a busar da ruwan, a sami wani danƙo mai wari wanda ke ɗauke da ɗaruruwan sinadarai a cakuɗe. Sai a kawo wani faranti mai ramuka 96, a kowane rami a sa enzayim ɗin da ake hari da abin da yake yankawa, wanda aka shirya shi yadda zai sauya launi idan an yanka. A gwajin da George Ellman ya fito da shi a 1961 don enzayim ɗin jijiya, ramin kan koma ruwan ɗorawa idan aiki na tafiya. Ramin da aka ɗiga wa danƙon ya ƙi sauya launi, a nan ake tsayawa. Daga nan aikin sheƙa da tankaɗe ne: a raba danƙon kashi goma a gwada kowanne, a ɗauki mai aiki a sake raba shi, a sake gwadawa, wata da watanni, har a rage da abu guda tsantsa, wani lokaci bai kai nauyin ƙwayar gero ba. Sannan na'urorin auna nauyi da na maganaɗisu su bayyana siffarsa. Sau da yawa bayan duk wannan wahala sai a tarar wani ya riga ya gano shi shekaru talatin da suka wuce.

Akwai kuma tarko, wanda majemi zai gane kafin farfesa. Bagaruwa na jeme fata ne domin sinadarinta na manne wa kowane furotin ya taurara shi. Idan ka ɗiga irin wannan a farantin, kowane enzayim zai tsaya, ka yi murna ka gano maganin ciwon suga da na mantuwa da na kumburi a rana ɗaya, alhali ba ka gano komai ba sai jima. Wanda ake nema shi ne mai zaɓe, mai toshe enzayim guda ya ƙyale dubu, kuma da ɗan kaɗan. A nan nake da ƙorafi kan yawancin binciken tsirrai da ake yi a jami'o'inmu. Ɗalibi ya jiƙa sabara ko marke, ya nuna ruwan ya hana wani enzayim aiki, ya rubuta kundi, ya karɓi digiri, shi ke nan. Ba laifinsa ba ne, na'urar da za ta kai shi mataki na gaba babu ita, ko tana nan babu wutar da za ta riƙe ta. Amma matakin farko ne na tafiya mai nisa, kuma mun yi shekaru muna maimaita shi.

Ko wanda ya tsallake tarkon ba lalle ya isa kantin magani ba. A 1980 Paul Scheuer na Jami'ar Hawaii da ɗalibinsa de Silva suka tace wani sinadari daga soson Luffariella variabilis na tsibiran Palau, suka kira shi manoalide, da sunan kwarin Manoa inda jami'ar take. Aka gano yana manne wa enzayim mai suna phospholipase A2 har abada. Wannan enzayim shi ke buɗe ƙofar kumburi da zogi a jikinmu, kuma yana cikin dafin zuma da na macizai da yawa. Kamfanin Allergan ya kai shi har gwaji a jikin mutane don wata cutar fata, aka dakatar domin ba ya ratsa fatar yadda ake so. Bai zama magani ba, amma ya zama abin aiki: duk mai son sanin ko wannan enzayim na da hannu a wata cuta, sai ya kashe shi da manoalide ya ga abin da zai faru. Haka okadaic acid, wanda aka bayyana a 1981 daga soson Halichondria okadai na gaɓar Japan. Guba ce, ba mai shan ta da gangan. Amma da aka gano a ƙarshen shekarun 1980 cewa tana toshe enzayim masu cire alamar fosfet daga furotin, sai ta zama makunnin da masu bincike ke latsawa don su fahimci yadda ƙwayar jiki ke kunna abubuwa da kashe su. Dubban bincike kan kansa da cutar mantuwa sun bi ta kanta.

Okadaic acid ta kuma tona wani asiri. Ba da jimawa ba aka gano ba soson ne ke yin ta ba, wata ƙaramar halitta ce mai ƙwaya ɗaya da ke yawo a ruwa, soson tarawa kawai yake yi, kuma ita ce ke sa gudawa ga wanda ya ci gurɓatacciyar kawa. A wasu ire-iren soso, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jiki bakteriya ne da ke zaune a ciki. A 2014 ayarin Jörn Piel suka nuna cewa kusan duk sinadaran da aka sani a soson Theonella swinhoei wata bakteriya ce guda mai suna Entotheonella ke ƙera su. Ashe soson maigida ne da ya sauki maƙera a zaurensa, yana ciyar da su suna yi masa makamai.

Wannan ganowa na da muhimmanci saboda babbar matsalar fannin, wato ƙarancin kaya. Lokacin da Hirata da Uemura suka bayyana wani sinadarin soso mai suna halichondrin B a 1986, sai da suka niƙa soso kilo 600 kafin su sami miligiram 12.5. A Niyuzilan an kwaso tan guda na wani soso daga zurfin teku, aka sami kimanin miligiram 300. Da haka za a yi magani, da an share teku kafin a warkar da unguwa guda. Sai da Yoshito Kishi na Harvard ya haɗa sinadarin da hannu a 1992, kamfanin Eisai ya gano rabinsa ma ya isa, aka ƙera maganin eribulin ta matakai 62, aka amince da shi don kansar mama a 2010. Shekara 24 ke nan daga soso zuwa sirinji. Shi ba enzayim yake toshewa ba, sandunan da ƙwayar jiki ke rabuwa da su yake tsayarwa, amma darasin ƙarancin ɗaya ne ga kowa. Idan kuwa bakteriya ce maƙeriyar, ana iya karanta DNA ɗinta a dasa umarnin a cikin wata bakteriya mai sauƙin kiwo, a bar soson a kan dutsensa.

A Greensboro kanta, 'yan mintuna daga Wendover, irin wannan aikin ake yi a Jami'ar Karolina ta Arewa, sai dai da funfuna da danginta maimakon soso, ciki har da waɗanda ake samu a ruɓaɓɓen itace cikin rafi. Nicholas Oberlies da ke jagorantar wani ɓangare na aikin ya yi zama da Monroe Wall da Mansukh Wani, mutanen da a cibiyar bincike ta Research Triangle suka gano sinadaran taxol da kuma camptothecin, wanda suka bayyana a 1966 daga wata bishiyar Sin, ya kwanta kusan shekara ashirin kafin a gane a 1985 cewa enzayim mai warware DNA yake toshewa. Funfuna ta fi soso a abu guda: ana noma ta a kan dafaffiyar shinkafa a cikin kwalba.

Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 850, kuma tun 1975 take da cibiyar binciken teku a Legas. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce wanda ya ɗebi halitta a ƙasar wani ya yi magani da ita, sai ya nemi izini ya kuma raba amfani da mai ƙasa, amma takarda ba ta nutso, ba ta kuma tace sinadari. Mu na arewa da ke nesa da teku ma ba a bar mu a baya ba, domin akwai soson ruwan daɗi da ke manne wa saiwoyi da duwatsu a koguna da tafkunan Afirka. A ƙasar Mali, masu tonon kayan tarihi sun duba ɓaraguzan tsofaffin tukwane daga yankin Kogin Kwara da madubin ƙara girma, suka ga yumɓun cike yake da 'yan alluran soso.